Shaidar Lasifika da Iyakar Gaskiyar Sauti

Masu haɗa sauti a sutudiyo suna bambanta lasifika iri biyu. Akwai wadda ake ƙerawa don ta faranta ran mai sauraro, tana ƙara wa ganga nauyi tana kuma rufe kaushin murya, akwai kuma wadda ake kira monita, wato lasifikar da aikinta shi ne ta bayyana wa mai aiki abin da ya ɗauka yadda yake, ko da ba zai yi masa daɗin ji ba. Irin da ya fi yaɗuwa a yau shi ne mai ɗauke da amfilifaya a cikinsa, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, irin wanda kamfanin Genelec na ƙasar Finlan yake ƙerawa tun 1978. Tambayar da wannan na'ura ke tayarwa ta girmi lantarki nesa ba kusa ba: me ake nufi da isar da gaskiya, alhali babu saƙon da ke kai wa ga mai karɓa sai ya ratsa hannuwa da yawa?

Malaman hadisi sun daɗe da tsara wa irin wannan tambaya hanya, domin ba sa karɓar ruwaya sai sun bi isnadinta, wato jerin mutanen da suka karɓa daga juna, sun tabbatar da adalcin kowane mai ruwaya da ƙarfin kiyayewarsa. Ba a kawo wannan don daidaita darajar ilimin biyu ba, sai don hanyar binciken ta yi kama: murya tana fita daga makirufo zuwa waya, daga waya zuwa kwamfuta, daga nan zuwa monita, kuma rauni ɗaya a tsakani ya isa ya ɓata abin da sauran suka kiyaye. Monita mai tsada da aka haɗa da waya marar kyau tamkar amintacce ne da ya karɓi labari daga bakin mai yawan mantuwa.

Mafi shaharar abin da ke kutsawa cikin wannan jeri shi ne gurnanin nan mai kauri da ake ji ko da ba a kunna komai ba. Asalinsa wutar gida ce, wadda ke kai da komowa sau 50 a daƙiƙa a Najeriya da Nijar, sau 60 a Amurka. Idan aka jona kwamfuta a wannan soket, monita kuma a wancan, wayoyin ƙasa na soket ɗin biyu, waɗanda aka tanada don su kwashe wutar da ta ɓalle su kai ta ƙasa, ba lallai ne ƙarfinsu ya zo daidai ba, sai ɗan bambancin ya sami hanya ta cikin wayar sautin da ta haɗa na'urorin, ya riƙa zagayawa yana shiga cikin waƙa. Mai aikin da ya san hannunsa yakan zare wayar sauti daga bayan monita ya kasa kunne: in gurnanin ya ɗauke, laifin yana can sama a jerin, in kuwa ya ci gaba, to a monitar yake ko a wutarta. Daga nan sai ya tara dukkan na'urorin a kan soket guda, ya raba wayoyin wuta da na sauti, inda kuma dole su haɗu ya gitta su maimakon ya jera su tare. A sutudiyoyin Kano da Kaduna, inda ake yawan komawa kan janareto da inbata, inbata mai araha wadda wutarta ba ta fita sumul takan ƙara nata zizar, haka ma wayar salula da aka ajiye kusa da lasifika.

Maganin da ya fi jan hankalin mai tunani shi ne waya mai daidaito, irin mai kan XLR mai ƙafa uku. A cikinta akwai zare biyu da ke tafiya a murɗe da juna, ɗaya yana ɗauke da sautin yadda yake, ɗayan yana ɗauke da shi a juye, kuma duk hayaniyar da suka tsinta a hanya tana shigarsu daidai wa daida. Idan suka iso, monita sai ta ɗebe ɗaya daga ɗaya, abin da suka yi tarayya a kai ya shafe kansa, abin da suka saɓa a kai ya tsira. Wannan ya juya abin da aka saba da shi a shari'a, inda haɗuwar bakin shaidu biyu ke ƙarfafa magana, amma hikimar ba ta ɓoyu ba, domin alƙali mai basira ma yakan yi shakkar shaidu biyun da maganarsu ta zo ɗaya har a harafi, ya gane cewa a hanya suka tsince ta.

Akwai kuma wata gajeriyar hanya da ya wajaba a yi tir da ita, wato karya ƙafar ƙasa ta filogi. Gurnanin kan ɗauke nan take, amma an cire abin da ke tsakanin mai riƙe da makirufo da wutar da za ta iya kashe shi ranar da wata waya ta goge a cikin na'ura. Rufe bakin mai shaida daban, gyara abin da ya shaida daban, kuma wanda ya sayi shiru da ran mawaƙinsa ya ci amana ko da aikinsa ya fita tas. Idan haɗa soket bai wadatar ba, akwai ƙaramar taransifoma da ake sawa a kan wayar sauti don ta yanke zagayen ba tare da an taɓa wayar ƙasa ba.

Sai dai ko an gyara duk wannan, wanda ya kanga kunnensa a jikin monita zai ji wani siririn huci da ba ya tafiya. A 1928 John Johnson da Harry Nyquist na ɗakunan binciken kamfanin Bell suka nuna cewa duk abin da wuta ke bi ta cikinsa, muddin yana da ɗumi, ƙwayoyin lantarkin da ke ciki suna motsi ba tsari, kuma wannan motsin kansa hayaniya ce. Ke nan hayaniya iri biyu ce, wadda sakacin ɗan Adam ya jawo, da wadda ke cikin halittar abu, ta farkon ana tambayar mutum a kanta, ta biyun kuwa sai dai a rage ta. Ba kowace hayaniya ce ma sharar zubarwa ba: a 1965 Arno Penzias da Robert Wilson suka ba da rahoton wani huci da ya ƙi barin eriyarsu duk da sun share kashin tattabarun da ke ciki, ashe saura ne na zafin farkon sararin samaniya, aka kuma ba su kyautar Nobel a kansa a 1978.

Mai karɓar saƙon shi ma ba tsarkakakke ba ne. Ɗaki yana ƙara nasa, musamman idan an cusa monita a kusurwa inda sautuka masu kauri ke taruwa, shi ya sa ake ajiye lasifikan biyu da kan mai sauraro a tazara ɗaya kamar duwatsun murhu, a daidai tsayin kunne. Kunne kuma, kamar yadda Harvey Fletcher da Wilden Munson suka auna a 1933, ba ya jin sautuka masu kauri sosai idan an rage ƙara, saboda haka waƙa ɗaya takan sauya kama da murɗa maɓalli kawai.

Cikakkiyar gaskiyar sauti, wadda babu ƙari babu ragi a cikinta, ba ta hannun kowa, kuma wanda ya ce lasifikarsa ta kai can ya faɗi abin da ba shi da iko a kai. Abin da ke hannun mai aiki shi ne ya san inda kowane ƙari ya fito, ya kawar da wanda shi ya jawo, ya kuma yi lissafi da wanda ya gagare shi. Mawaƙin da ya miƙa muryarsa ga sutudiyo ajiya ya bayar, kuma haƙƙinsa ne a mayar masa da ita ba tare da gurnanin soket a cikinta ba.