ƘAFA MA TA JIKI CE

Ya mai karatu, ka taɓa ganin jikin da yake yaƙi da kansa?

A unguwarmu, Sabon Gari ta Maraɗi, akwai wata 'yar'uwa mai 'ya'ya huɗu. Dā ita take riga kowa zuwa sujada. Da ƙafa takan je Tsibiri gaida iyayenta. Ana nan sai ƙafafunta suka soma kumbura. Da safe idon sawunta ya sage, ta kasa taka ƙasa. In hunturu ya shigo, yatsun su yi sanyi ƙalau, su sāke launi. Wani ɗan miki ya fito, ya ƙi warkewa.

Me mutane suka ce? Waɗansu suka ce sammu ta taka. Waɗansu suka ce kuturta ce, suka daina sa hannu cikin akushi ɗaya da ita. Waɗansu kuwa, har cikin ekklesiya, suka ce lalle akwai zunubin da ta ɓoye. Ni dattijo na ji, na yi shiru. Shirun nan laifi ne.

Ba kuturta ba ce. A asibitin Danja, wanda mishan ta SIM ta buɗe a 1956 domin kutare, an san bambancin: ƙafar kuturu ba ta jin ƙaya, amma tata zogi take yi dare da rana. Da aka auna jininta, likita ya ce sunan ciwon lupus.

Ga yadda yake. Allah ya sa dakaru cikin jininmu domin su kashe ƙwayoyin cuta. A jikin mai lupus dakarun nan sukan ruɗe, su fāɗa wa gaɓoɓi, da fata, da jijiyoyin jini, wani lokaci har da ƙoda. Cikin mutum 10 masu shi, wajen 9 mata ne. Ba a ɗaukarsa wurin wani. Ba shi da maganin da zai raba mutum da shi ɗungum, amma akwai mai kwantar da shi, ɗan'uwan kulorakin ɗin da muka sani. Sai mai shi ya riƙa ganin likita, ya guji zafin rana, ya duba ƙafarsa kowace rana, ya sa takalmi mai taushi, kada ya yi tafiya ba takalmi.

To, wa ya yi laifi? Za ka ce, ai akwai ciwon da mutum kan jawo wa kansa. Gaskiya ne. Amma wa ya ba ka ma'aunin da za ka auna zuciyar maƙwabcinka? Abokan Ayuba sun yi haka, Allah kuwa ya husata da su (Ayuba 42:7). Almajirai ma sun tambayi Yesu a kan wani da aka haifa makaho, ko alhakinsa ne ko na iyayensa. Ya nuna musu ba ko ɗaya (Yahaya 9:1-3).

Manzo Bulus ya kwatanta masu bi da jiki guda mai gaɓoɓi da yawa, ya ambaci ƙafa a ciki (1 Korantiyawa 12). Ka lura da kyau. Sa'ad da muka sa bakinmu a kan 'yar'uwa marar lafiya, abin da lupus yake yi wa jiki shi muke yi wa ekklesiya. Mu da aka sa mu tsaro, mun koma muna saran namu.

Ubangiji bai yi haka ba. A daren da aka bāshe shi, ya ɗauki ruwa ya wanke ƙafafun almajiransa, har da na Yahuza (Yahaya 13). Kashegari aka huda nasa ƙafafun a kan gicciye saboda zunubinka da nawa.

Yau zumuntar mata ke ɗebo wa 'yar'uwar nan ruwa, suna yi mata daka bi da bi. Ciwon yana nan, wata rana da sauƙi, wata rana babu. Amma ta komo sujada.

Kai fa? In kai ne mai ciwon, kada ka ce Allah ya yashe ka. In kuwa bakinka ya taɓa saran wani, ka tuba yau. Ka roƙi Yesu Almasihu gafara, sa'an nan ka tashi ka je gidan mutumin nan ka gaishe shi.