Tsohuwar Da Ba Ta San Ta Manta Ba

 

'Yan uwana mata, da yawanmu akwai tsohuwa a hannunmu, ko mahaifiya ko uwar miji ko kaka, kuma mun san yadda gida yake komawa idan gigin tsufa ya shiga. An ba Hajiya tuwo ta cinye, ɗanta na shigowa sai ta ce tun safe ko loma ba a ba ta ba. Ta cusa kuɗinta ƙarƙashin katifa, anjima ta ce an sace. Ki ce, "Hajiya, mantawa kika yi," sai ta hau faɗa: ita lafiyarta ƙalau, ku ne kuke son mayar da ita mahaukaciya. A nan matar gida takan ce a ranta, wallahi tsohuwar nan tana sane, aurena take son kashewa.

To 'yar uwa, ba ta sane. Mantuwar yau da kullum mai ita ya san ya yi ta. Kin manta inda kika aje makulli, kin san kin manta, shi ya sa kike nema. Amma cutar da ke cin ƙwaƙwalwa takan taɓa har ɓangaren da mutum yake auna kansa da shi. Wato abin da zai gaya mata ta canja, shi ma ya lalace. Wani likitan Faransa, Joseph Babinski, shi ya raɗa wa irin wannan hali suna anosognosiya a 1914, bayan ya ga masu shanyewar ɓarin jiki suna cewa hannunsu lafiya lau alhali ba ya motsi. Daga baya aka ga yana da yawa ga masu cutar mantuwa, cutar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 57 ke ɗauke da ita a 2021.

Ki sa kanki a matsayinta. A saninta ita ce dai Hajiyar da ke juya gida, mai riƙe da lissafin adashe a ka. Kuɗi ya ɓace, ita kuma ta tabbata ba ta mantuwa. Saura me? Sai dai wani ya ɗauka. Wa ke shiga ɗakin kullum? Ke da kike share mata. Shi ya sa zargin ya fi sauka kan wadda ta fi hidima, 'yar da ke zuwa sallah-sallah kuwa ta tafi da albarka.

Allah Ya riga Ya ba mu labarin wannan mataki. A Suratun Nahli aya ta 70 da Suratul Hajji aya ta 5 Ya bayyana cewa akwai wanda ake mayarwa mafi ƙasƙancin shekaru, har saninsa ya kuɓuce masa bayan ya sani. Manzon Allah (SAW) ma ya kasance yana neman tsari da hakan. Hadisi kuma ya tabbatar an ɗauke alƙalami daga mai barci, da yaro, da wanda hankalinsa ya gushe. Idan ciwon ya kai ga gushewar hankali, babu salla a kanta, babu azumi. Ko ta rantse ba ta ci abinci ba, kada ki kira ta maƙaryaciya. A mazhabar Malikiyya rantsuwa kan abin da mutum ya yi imani haka yake, sannan ya zama ba haka ba, ko mai cikakken hankali ba ya yi mata kaffara. Ina ga masu cewa tsohuwa mayya ce don ta yi sambatu ko ta fita tsakar dare? Su ji tsoron Allah. Mu ne ba a ɗauke wa alƙalami ba, kuma Suratul Isra'i aya ta 23 ta hana ko ƙaramar kalmar ƙosawa ga iyayen da suka tsufa a hannunmu.

Saboda haka gardama ba ta da amfani. Ko kin kawo shaidu goma, ba za ta riƙe hujjar ba, ɓacin ran ne zai zauna mata. Ta ce ba ta ci ba? Ki ce "ga shi nan zuwa," ki miƙa mata ɗan kunu. Ta ce an sace? Ki ce "mu duba tare." Amma a ɓoye ki sa ido kan risho da ashana da ƙofar waje, maganinta kuma ya zauna a hannunki, don wanda bai san ya sha ba zai sake sha.

Ki sanar da maigida da danginsa tun wuri, cikin ladabi, kafin zargi ya yi saiwa. A kai ta asibiti, kuma kada a jira amincewarta cewa ba ta da lafiya, don ba za ta zo ba. A ce za a je awon jini. Zuwan yana da fa'ida, domin wani ruɗewar ƙarancin sinadarin B12 ko ciwon mafitsara ke kawo shi, kuma yana jin magani. Hawan jini da ciwon suga ma suna ƙara lalata ƙwaƙwalwa idan aka bar su.

Sai batun dukiya, inda zumunci ya fi tarwatsewa. Tunda tana magana da ƙarfin gwiwa, wani ɗa ko jika kan lallaɓa ta ta dangwala hannu ta sayar da gona ko ta yi masa kyautar gida, ya ce ai da bakinta ta yarda. Ciniki da kyauta sharaɗinsu hankali ne. Dangi su zauna su sa amintacce ya kula da dukiyarta, a rubuta komai. Shi ne kuma zai fitar mata da zakka, domin a wurin Imamu Malik zakka tana kan dukiya ko da mai ita ba ya cikin hankalinsa. Wallahu a'alam.