Rabin Jarka a Cikin Tenere

A Nima da Maamobi da Old Fadama akwai samarin da suka bi hanyar Libiya ta Agadez. Suna ba da labarin tuddan yashin Tenere, da taurarin dare kamar ka miƙa hannu ka tsinko. In aka zo zancen ruwa kuwa, sai murya ta yi ƙasa.

A shekarar 2017 wata mota ta lalace tsakanin Agadez da Dirkou. Mutum 44 'yan Gana da Najeriya suka mutu da ƙishirwa, har da jarirai. Shida suka kai wani ƙauye da ƙafa.

To, a ce kana cikin motar. Ruwanka saura rabin jarka, na maƙwabcinka ya ƙare tun jiya. Za ka ba shi? Wataƙila ku mutu ku biyu, ga mahaifiyarka a Maamobi da bashin kuɗin tafiyarka a wuyanta. Ita ma tana da hakki a kanka. Ni ba na saurin hukunta wanda ya rungume jarkarsa. Amma wani da ya dawo ya faɗa mini, har yau ba ya iya shan ruwan leda a gaban mutum sai ya fara miƙa masa.