Malami A Ƙetare Da Haƙƙin Iyalin Da Ya Bari A Gida

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa masu karatu, a makon jiya wani malami abokin aikina ya tsai da ni bayan sallar Juma'a, ya ce an yi masa tayin koyar da Larabci a wata makaranta a Jamhuriyar Nijar, albashi da sefa, yana son ya san ko akwai laifi a shari'a. Na ce masa babu laifi a aikin. Sai na tambaye shi wa zai bar wa gidansa, kuma bayan wata nawa zai riƙa dawowa. Ya yi shiru, domin bai yi wannan lissafin ba.

Mu mutanen Araba da Illela ƙetare iyaka ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Birnin Ƙonni ya fi Sakkwato kusa da mu, kuma a can kakannin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo suka zauna. Shi kansa Shehu an haife shi a Maratta cikin 1754, a ƙasar da ake kira Nijar yau. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023, malamin da ke da takardar shaida, musamman mai Larabci, dole zuciyarsa ta raya masa ya gwada can. Neman halal wajibi ne, yaɗa ilimi kuma ibada ne. Amma fa a Suratut Tahrim, aya ta 6, Allah ya umurci muminai su tsare kansu da iyalansu daga wuta, bai kuwa keɓe malamai daga wannan umurni ba.

Imamul Buhari ya ruwaito labarin Maliku ɗan Huwairisi, wanda ya zo Madina tare da waɗansu samari tsaransa, suka zauna wurin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kwana 20 suna koyon addini. Da Annabi ya lura sun fara begen gida, sai ya tambaye su waɗanda suka bari, ya umurce su su koma wurin iyalansu su zauna tare da su, su koya musu. Ku duba fa, waɗannan mutane a gaban Manzon Allah suke zaune, babu makarantar da ta fi wannan, amma duk da haka aka sallame su saboda iyali. Haka kuma malamai sun kawo cewa Sayyadina Umaru, lokacin halifancinsa, ya ji wata mace da dare tana kokawa da daɗewar mijinta a wurin yaƙi. Ya tambayi 'yarsa Hafsatu iyakar haƙurin mace, daga nan ya yanka wa mayaƙa wa'adi, wata huɗu a wata ruwaya, wata shida a wata. In mai jihadi an yanka masa wa'adi, ina ga mai karɓar albashi?

Ba zan ɓoye muku ba, ni kaina na faɗa cikin wannan kuskure. Ina koyarwa a wata makaranta a Tawa lokacin da Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a watan Agusta 2019. Ba a buɗe ta Illela ba sai Disamba 2020. Gaskiya ce hanya ta yi wuya, amma duk ɗan bakin iyaka ya san mai niyyar zuwa gida ba ya rasa yadda zai yi. Ni dai na sami hujja na riƙe, na yi wata bakwai ban taka Araba ba, ina aika kuɗi ta hannun direbobi, ina ganin na sauke nauyi. Ranar da na dawo na ce wa ɗana, mai shekara 11 a lokacin, ya kawo allonsa. Na tarad da shi a surar da na bar shi, har ma ta fara kuɓuce masa. Uwarsa ita kaɗai ta yi jiyyar mahaifiyata duk tsawon damina, ba ta taɓa faɗa mini a waya ba don kada hankalina ya tashi. A cikin watannin nan na koya wa 'ya'yan mutane fiye da 60 Nahawu. A daren nan ban iya barci ba.

Abin da ya ƙara mini kunya shi ne na sha karantar da littafin Nurul Albabi, inda Shehu ya zargi malaman zamaninsa da suke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, alhali kuwa safe da yamma suna kewaye da almajirai. Ya nuna cewa koyar da iyali wajibi ne, koyar da almajirai kuwa ba ya zama wajibi a kan mutum sai in babu wani mai yi, ya kuma danganta irin wannan hali ga neman suna. Na kan fassara wa ɗalibai wurin nan da murya mai ƙarfi, ban taɓa zaton da ni ake ba. Shi kuwa Shehu abin da ya faɗa shi ya aikata. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda aka haifa a 1793, a gidansa ta yi karatu, ita ce daga baya ta kafa 'Yan Taru, tana aika jajis ƙauyuka su koyar da mata. Kuma tun yana saurayi, da ya bi Malam Jibrilu ɗan Umaru zuwa Agadas, malamin ya wuce aikin hajji, shi ya juyo gida domin mahaifinsa bai ba shi izinin wucewa ba.

To, ga abin da na gaya wa abokina. In yana da halin tafiya da iyalinsa, ya tafi da su, ko da za a yi zaman ƙunci. Wannan ya fi komi. In babu hali, to kafin ya sa hannu a takarda ya zauna da matarsa su yanke wa'adin dawowa, da yardarta, kada ya wuce wata huɗu, a kuma rubuta hutun cikin sharuɗɗan aiki. Ya san cewa iyaka kan rufu ba shiri: an rufe ta daga 1984 zuwa 1986, an rufe a 2019, an sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 har zuwa Maris 2024. Saboda haka ya bar abinci a rumbu, ya kuma wakilta wani amintacce, wa ko ƙane, da sunansa a gaban shaidu, wanda zai tsaya kan cefane da asibiti da karatun yara. Wayar hannu kuwa ni'ima ce wadda magabata ba su samu ba. Yaro ya biya maka allonsa ta waya kowace asuba, minti goma ya isa, ko da yake waya ba ta tashin yaro sallah.

Ya kuma sani cewa kuɗi kaɗai ba su rufe bakin shari'a. A mazhabarmu ta Malikiyya, in miji ya daɗe ba ya nan har shekara ko fiye, matar ta kai ƙara cewa tana cutuwa, alƙali kan aika masa ya zaɓa: ya dawo, ko ya ɗauke ta zuwa inda yake, ko ya sake ta. In ya ƙi, alƙali na da ikon raba auren, ko da nafaka tana zuwa. Mata da yawa suna da wannan haƙƙi, kunya ce kawai take hana su nema, mu kuwa maza muna fakewa da kunyarsu.

Masu makarantu su ma da nasu rabon. Wanda ya ɗauko malami daga wata ƙasa ya hana shi hutu shekara guda cur, don kada aji ya zauna babu malami, lalle yana da kamasho a cikin abin da ya lalace a gidan malamin nan.

Abokina dai ya ce zai je ya yi shawara da maiɗakinsa kafin ya ba su amsa. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba hukuncin nafakar matar da mijinta ya yi tafiya bai bar mata komi ba. Wassalamu alaikum.