Hujjar da Ba Mu Son Ƙarasawa

Kusan duk wanda ya yi karatun zaure a Gwiwa, ko Roni, ko cikin garin Kazaure, ya taɓa riƙe Ahalari a hannunsa, ɗan littafin nan da gefen shafukansa ke baƙi saboda yawan juyawa, inda muka koyi tsarki da ƙabli da ba'adi. Mai littafin, Shehu Abdurrahman al-Akhdari, mutumin Aljeriya ne, kuma yana da wani littafin da sai ɗalibi ya yi nisa ake buɗe masa. Sunansa Sullam, waƙe ne kan ilimin manɗiƙi, wato ƙa'idojin kafa hujja. Ya tsara shi a shekara ta 941 bayan hijira, yana ɗan shekara 21. In ka bi salsalar wannan ilimi, sai ta kai ka ƙasar Girka, wurin mutumin da malamanmu ke kira Arisɗo.

An haifi Arisɗo shekara 384 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ya yi shekara 20 a gaban malaminsa Aflaton, daga baya shi ma ya karantar da Iskandar, ɗan sarkin Makidoniya. Ɗalibin nan ya ci ƙasa tun daga Masar har bakin Indiya, ya mutu a Babila yana da shekara 32 kacal. Shekara guda bayansa malamin ya bi shi, yana da 62, a wani gari mai suna Kalkis inda ya gudu don tsira da ransa. Daular Iskandar hafsoshinsa suka yayyaga ta. Takardun malamin kuwa suka ci gaba da tafiya hannu zuwa hannu.

A Bagadaza, zamanin Abbasiyawa, aka mayar da su Larabci. Farabi da Ibn Sina suka yi musu sharhi. Imam Gazali ya karɓi manɗiƙi a matsayin ma'auni, amma ya yi kaca-kaca da masu falsafa kan da'awarsu cewa duniya ba ta da farko. Mu nan ma abin ya iso mu. Shehu Magili, wanda ya zauna Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya yi musayar baitoci da Imam Suyuɗi na Masar a kan wannan ilimi: Suyuɗi na ganin haramun ne, Magili na kare shi. Manyan malamai biyu, kowa da hujjarsa. Dukansu suka riga mu gidan gaskiya kusan lokaci guda, wajen 1505.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda malaman tauhidi suka ɗauki awon Arisɗo suka rusa ra'ayin Arisɗo da shi. Shi yana ganin duniya daɗaɗɗiya ce. Su kuwa suka jera magana yadda ya koyar: duniya tana sauyawa, duk abin da ke sauyawa fararre ne, saboda haka duniya fararriya ce, tana da Mahalicci. Matakai biyu, na uku ya biyo dole. Wanda ya amince da na farko da na biyu ba shi da hanyar kauce wa na uku.

To, mu gwada a kanmu. Duk mai rai mamaci ne. Babu wanda zai musa wannan daga Gwiwa har Babura. Ni mai rai ne. Wannan ma babu gardama. Sai mu tsaya nan, mu ƙi ƙarasawa.

Muna zuwa jana'iza. Mu sa kafaɗa mu ɗauki makara, mu ga an zura mutum da 'yan ƙyallayen likkafani, an jera itace, an kwaɓa ƙasa an lilliƙe, an tura sauran da hannu. Wani lokaci mamacin sa'anmu ne, tare muka yi kiwo, tare muka yi sharar gona bana, ga geronsa can ya yi kai bai ga yankansa ba. Kafin mu karkaɗe ƙurar maƙabarta daga riga mun koma rigimar iyakar gona da ɗan'uwa, wadda ta hana mu gaisawa shekara da shekaru. Ba ilimi muka rasa ba. Mun dai mayar da mutuwa labarin wasu.

Arisɗo bai san Musulunci ba, kuma ba a wajensa muke ɗaukar aƙida ba. Amma marubutan tarihin Girka sun adana wasiyyarsa, kuma ta nuna mutum ne da ya yarda zai tafi. Ya faɗi wanda zai kula da 'yarsa da ɗansa, ya yi umarni a 'yanta wasu daga cikin bayinsa, ya roƙi a kawo ƙasusuwan matarsa da ta riga shi a binne kusa da shi. Mu da Manzon Allah (SAW) ya kwaɗaitar da mu rubuta wasiyya, mutum nawa ne a unguwarmu suka rubuta? Ana idar da sallar gawa sai ka ji an yi shela: wanda yake bin mamaci bashi ya zo ya faɗa. Magada na kallon juna, ba wanda ya san gonar da aka jinginar, ko buhun da aka ranto da bazara za a biya da kaka. Takarda guda da shaidu biyu sun isa su raba wannan gardama, kuma mai ita ne kaɗai zai iya rubuta ta, tun yana numfashi.