Amana da bincike a harkar kirifto

A Suleja, ɗan kasuwa yakan ba maƙwabcin rumfarsa kaya bashi babu takarda, domin ya san gidansa, ya san masallacin da yake salla. Wannan amana tana da jingina, wato mutuncin mutum a idon jama'a. Kuskurenmu a harkar kirifto shi ne mun ɗauki irin wannan yarda mun damƙa wa manhajar da ba ta da fuska. CBEX, mai alkawarin ninka kuɗi cikin kwana 30, ta rushe a Afrilun 2025, bayan makamanciyarta, MMM, ta gasa wa jama'a aya a hannu a 2016.

Wani zai ce bincikar ɗan'uwan da ya kawo maka hanyar samu mummunan zato ne. Ban yarda ba. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, ta yi umarni a rubuta bashi a kafa shaidu, tsakanin muminai ma kuwa. Shi ɗan'uwan sau da yawa yaudararsa aka yi. Ribar da ya nuna maka a wayarsa kuɗin waɗanda suka shigo bayansa ne, kuma abin da aka tura walat ɗin ɓarawo babu bankin da zai maido maka.