Barewa Uku da Rijiyoyin Man Agadem

A watan Maris na 2016 wasu masu bincike suka hau ƙaramin jirgin sama suka yi ta shawagi a kan hamadar Tin Tumma da ke gabashin Nijar. Sun zaga sama da kilomita 3,200 suna leƙen ƙasa, ba su ga abin da suka je nema ba. Wata tawagar ta bi ta ƙasa da mota, ta ci kilomita 700 cikin rairayi, ita ce ta yi dace: ta hango dabbobi uku a firgice. Shekara shida kafin nan, a 2010, an ƙiyasta cewa irinsu kusan 200 ne ke yawo a wannan yanki.

Dabbar ita ce wadda masana ke kira adaks, farar barewar Sahara mai dogon ƙaho murɗaɗɗe. Yawancinmu ba mu taɓa ganinta ba ko a hoto. Tana iya daɗewa ƙwarai ba ta sha ruwa ba, ɗan laimar da ke jikin ciyawa ta ishe ta. Kofatonta mai faɗi ne, ba ya nutsewa a yashi. Da zafi jikinta yakan yi fari, da sanyi ya koma ruwan toka. Rauninta ɗaya ne: ba ta da gudu. Muddin mafarauci a kan raƙumi yake ko a ƙafa, faɗin hamada ya ishe ta mafaka. Da mota mai shiga rairayi ta zo, sai a bi ta a hankali har ta gaji ta faɗi.

A ƙarƙashin wannan rairayin akwai man fetur. A 2008 gwamnatin Nijar ta sa hannu da kamfanin CNPC na ƙasar Sin kan haƙar man Agadem, kuma a ƙarshen 2011 matatar da ke kusa da Damagaram ta fara aiki, tana iya tace ganga 20,000 a rana. A 2012 gwamnatin ta kafa gandun Termit da Tin Tumma, mai faɗin kusan murabba'in kilomita 97,000, ɗaya daga cikin mafi girma a Afirka. Wani ɓangare na gandun da wani ɓangare na filin man suka hau kan juna. Alkawari biyu ke nan a kan fili ɗaya, ɗaya ga kamfani, ɗaya ga dabbar da ba ta san an yi mata alkawari ba.

Bai kamata mu yi saurin ɗaure fuska ga masu cewa mai ya fi barewa ba, domin hujjarsu tana da nauyi. Nijar na cikin ƙasashen da talauci ya fi yi wa katutu a duniya. Kafin matatar, duk man da ake zubawa a mota daga waje yake shigowa. Iskar gas ɗin girki da matatar ke fitarwa ma ta hana a sare wasu itatuwa, wato man da muke zargi da ɓata daji a nan ya raga wa daji a can. Mutumin da matarsa ke naƙuda a ƙauyen da babu asibiti, in ka ce masa ya jira saboda wata barewa da ko kakansa bai gani ba, ba zai ɗauke ka mai hankali ba. Kuma akwai ɗaci na gaskiya idan wa'azin kare daji ya fito daga ƙasashen da suka gama cinye nasu dazuzzukan kafin su yi arziki. Mu da muke karanta wannan a waya, a cikin adaidaita ko a bayan babur, da mai muke tafiya. Ba mu da bakin yin kamar hannunmu a wanke yake.

To amma mu duba abin da ya faru a zahiri. Rijiyar mai ba ta cin fili mai yawa idan aka gwada ta da faɗin hamada. Abin da ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta nuna wa yatsa a 2016 shi ne hayaniyar aikin neman man, da kuma farautar da sojojin da ke rakiyar ma'aikatan suke yi. Ga kuma makamai da motocin da suka watsu a yankin bayan rushewar Libiya a 2011. Harbin adaks ba ya ƙara ko cokali ɗaya a cikin ganga. Babu asibitin da aka gina da namanta. Da an hana mai gadi ya mai da bindigar aiki ta farauta, da an taƙaita hanyoyin da motoci ke bi, da an hukunta na farko da aka kama, man zai fito yadda ya fito.

Wannan ne ya sa muke ɗari-ɗari duk lokacin da aka ce mana taura biyu ba ta taunuwa. Wani lokacin gaskiya ce, dole a zaɓi ɗaya. Amma sau da yawa ana kawo karin maganar ne bayan an gama ɓarna, don sakaci ya sami rigar larura. Larura tana da uzuri. Wanda yunwa ta sa ya yanka akuyarsa ta ƙarshe ba a zarginsa. Wanda ya bar ƙofar garke a buɗe kura ta shiga, sannan ya ce ai dama mutane sun fi dabbobi, shi ba mutane ya zaɓa ba, barci ya yi.

Abin da ya biyo baya ya fi ba mu abin tunani. A watan Yuni na 2019 gwamnati ta sake zana iyakar gandun, ta fitar da kusan rabinsa ta ɓangaren gabas, inda filayen man suke, kuma inda adaks ɗin da suka rage suke. Hujjarta ita ce yarjejeniyar 2008 ta girmi gandun 2012, kuma wanda ya riga ka barci zai riga ka tashi. Aka ƙara wani fili ta yamma don lissafin faɗi ya cika. A takarda ba a yi asara ba. Sai dai adaks ba ta bin takarda, tana bin ɗan tsiron da ke fitowa inda aka yi yayyafi, ta hanyoyin da iyayenta suka bi. Kamar a karɓe wa manomi fadamarsa ne a ba shi tsandauri mai faɗi ɗaya, a ce an biya shi. Bayan ƙorafi daga ciki da wajen ƙasar an sake gyara iyakar, amma darasin ya riga ya fita: layin da aka shata zai iya matsawa idan wanda ke tura shi yana da ƙarfi.

Mun san wannan labarin a gida, da wani suna. Burtali ma iyaka ce da aka shata don waɗanda ba su nan a lokacin da ake rabon fili. Babu wanda ya taɓa cinye burtali a rana ɗaya. Bana wannan ya ƙara kunya biyu, baɗi maƙwabcinsa ya ƙara uku, kowa da hujjarsa ta iyali da suka ƙaru, kuma kowace hujja gaskiya ce. Ranar da shanu suka dawo suka tarar babu hanya, abin da ya biyo baya duk mun gani. Ana cewa a yi daidaito tsakanin kasuwanci da daji, kalmar tana da daɗin ji. Amma idan kowane zama na sulhu ɓangare ɗaya ne ke bayarwa, rabi bana, rabin abin da ya rage baɗi, ai ƙarshen lissafin sananne ne. Ɗaya ɓangaren yana da lauyoyi da kwangila da ranar biyan bashi. Ɗayan ko wakili ba shi da shi a ɗakin, sai wanda ya ga dama ya yi magana a madadinsa.

Akwai kuma bambancin da muke yawan tsallakewa, tsakanin asarar da ake mayarwa da wadda ba a mayarwa. Man nan ya yi miliyoyin shekaru a kwance, ba ya ruɓewa. In an karkata hanya ta zagaye wani kwari, kuɗi ne ya ƙaru, kuma kuɗi ana sake samunsa. Bututun da ya tashi daga Agadem zuwa gaɓar tekun Benin, kusan kilomita 2,000, ya fara kai mai ga jiragen ruwa a 2024, kuma wata rana rijiyoyin za su ƙafe kamar yadda kowace rijiyar mai take ƙafewa. Abin da muke tambaya shi ne me za a tarar a wurin ranar da aka kwashe ƙarafunan. Jikokin Tubawan da ke kiwon raƙuma a Termit suna da haƙƙi a wannan amsar, kuma ba a tambaye su ba domin ba a haife su ba tukuna.

Za a ce ai ana iya dawo da dabba. An yi hakan a Chadi. Wata 'yar'uwar adaks mai ƙaho kamar takobi, wadda aka bayyana ƙarewarta a daji a 2000, an kiwata ta a Abu Dhabi aka yi jigilarta a jirgi aka fara sakinta a 2016, ta hayayyafa, daga baya aka bi da adaks ɗin kanta. Abin farin ciki ne, amma da dukiyar wata ƙasa mai arzikin mai aka yi shi, kuma ya yiwu ne kawai saboda filin da za a sake su yana nan. Mu misalin raƙuman dawa na Kure, kusa da Yamai, ya fi burge mu. A 1996 guda 49 suka rage, yanzu sun haura 600, kuma ba a cikin shinge suke ba. A gonakin mutane suke yawo, suna cin waken manoma, manoman na jin haushi. An hana kisa, an tsaya a kan hanin, an kuma nemi hanyar da ƙauyukan za su ga wani amfani. Talakawan da suka fi kowa uzuri su ne suka haƙura da wani abu daga rumbunsu. Da wuya mu yarda cewa abin da manomin gero ya iya ya gagari kamfanin mai da rundunar da ke gadinsa.

Maganar ba ta tsaya a Nijar ba. A watan Nuwamba na 2022 aka yi bikin fara haƙar mai a Kolmani, a iyakar Bauchi da Gombe. Ɓangaren Bauchi na wurin yana cikin ƙaramar hukumar Alkaleri, kuma a wannan ƙaramar hukumar gandun Yankari yake, inda ɗaya daga cikin garken giwaye na ƙarshe a Najeriya ke zaune. Mun yi murna da labarin man, muna kuma kan murnar. Amma in aikin ya kankama za a buɗe hanyoyi, za a kawo masu gadi da bindigogi, za a sami kasuwar naman daji a bakin sansani. Ta ina hanyoyin za su bi, wa zai binciki motar mai gadi idan ta dawo daga sintiri, nawa za a ware daga kowace ganga don albashin ma'aikatan gandu, waɗannan duk abubuwa ne da ake rubutawa a kwangila kafin a sa hannu.